Jiran Rubu'in Sakan

Talata, uku ga wata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya gwiwar Baba? Ki gaishe shi da kyau, ki ce masa Autarsa na nan ƙalau kuma ba ta rame ba, don na san tambayarsa ta farko ke nan.

Wasiƙarki ta iso. Kin yi ƙorafin cewa shekara bakwai ina ce miki "aikin kwamfuta" kamar mai ɓoye sana'ar kunya, kuma kin ji muryata ranar Asabar kin san akwai abin da ke ci na. To ga shi a rubuce. Tun lokacin da kunnen Baba ya yi nauyi muka saba da takarda, har yau kuma na fi iya faɗin gaskiya da biro.

Kin san idan Baba ya maƙala na'urarsa a kunne aka kira shi, muryar mai kiran takan shiga kunnensa kai tsaye, ba igiya ba komai. Kafin hakan ta yiwu akwai gaisuwar da wayar da na'urar suke yi a iska. Waya ta yi sallama, na'ura ta amsa, su san juna, sannan magana ta wuce. Manhajar da ke koya wa waya wannan gaisuwa ita muke rubutawa. A buɗe take, duk mai so ya karanta, ya ɗauka kyauta, ya kawo gyara. Masu ƙera wayoyi masu arha suna kwasa su zuba a kayansu, ko sannu ba sa ce mana, sai ranar da wani abu ya lalace su tuna adireshinmu. Wayar Baba na cikinsu. Mu biyar ne masu makulli, kuma gyara ba ya shiga sai biyu daga cikinmu sun sa hannu, ban da wanda ya rubuta shi.

To an kawo mana gwani. Wani babban kamfani da ya shekara goma yana cin guminmu ya ji kunya ta yini ɗaya, ya ba mu ɗakin gwaji a hawa na tara na gininsa, ya haɗa mana da injiniya guda, kamar ɗan ƙarin da ake yi wa mai ciniki. Aka ba shi makulli, shi ne na biyar ɗinmu. Ni na sa masa Mai Tsintsiya. Teburinsa biro ɗaya ne a kai, a miƙe daidai da gefen kwamfuta, in ka gota shi sai ya mayar yana ci gaba da yi maka murmushi. Kalmarsa a duniya ita ce tsafta. Cikin wata huɗu ya share layi dubu goma sha ɗaya daga manhajar, kuma duk ƙarshen mako sai ya sanar da adadin a zaurenmu na intanet, kamar mai jiran a yi masa guɗa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancin abin da ya share shara ce da gaske.

Makon jiya tsintsiyar ta iso kan layina. Layi ɗaya ne tak. Yana ce wa waya: in kin yi sallama ba a amsa ba, kada ki juya, jira rubu'in sakan. Mai Tsintsiya ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa jira ne mara dalili, ba ya cikin littafin ƙa'ida, yana rage sauri, kuma ya gwada na'urori tamanin da shida da ke kan kantar ɗakin gwaji duk sun haɗu lafiya ba tare da shi ba.

Yaya, kin tuna zuwana gida shekara shida da suka wuce, na kwana uku a teburin cin abinci da na'urar Baba, yana kewaya ni yana tsoron zan lalata masa? Layin nan na rubuta. Na'urarsa tana jinkirin amsa sallama. Littafi ya ce a amsa nan take, ita kuwa sai ta gama miƙa. In aka cire layin, wayarsa za ta sabunta kanta wata rana da safe, ta yi sallama, ta ji shiru, ta tafi abinta. Shi da duk mai irin na'urarsa.

Na amsa wa Mai Tsintsiya da jimla biyu. Na ce layin ya riga shi zuwa, kuma mutum ya koyi tambaya kafin ya koyi shara. An ce na yi kaushi. Kada ki gaya wa Baba komai tukuna, zan gama da yaron nan kafin sati.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Laraba, goma sha ɗaya ga wata

Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan aikin asibiti da sauƙi. Na ji daɗin jin cewa gwiwar ta saki har yana fita majalisarsu da yamma. Allah ya ƙara sauƙi.

Ban gama da yaron ba. Kusan shi ya gama da ni.

Mun yi taro jiya a ɗakin gilashinsu, inda kujerun suka fi mutanen da ke kansu tsada. Shugabanmu, wanda ya fara rubuta manhajar tun ina aji biyu a jami'a, ya zauna a tsakiya. Malam Na'am nake ce masa a raina. Shekara ashirin bai taɓa saɓa wa wanda yake kallonsa ba. Mai Tsintsiya ya yi magana, ya ce masa lallai akwai gaskiya a nan. Na yi magana, ya ce min lallai wannan ma abin dubawa ne. Da mai shayi ya shigo ya faɗi ra'ayinsa da shi ma ya samu. Sauran masu makulli biyun suna wasu ƙasashe, fuska ce kawai a allo, ɗaya yana cin abinci ɗaya ya kashe kyamara. Su in kwamfutar gwaji ta nuna kore sai su sa hannu, ko takardar sayar da gidajensu ce. Sun riga sun sa.

Na yi amfani da haƙƙina na mai makulli na hana. Amma ƙa'idarmu ta ce hani mako uku yake rayuwa. In mai hanin bai kawo shaida a ɗakin gwaji ba, na'ura a hannu, kowa na kallo tana kasa haɗuwa, hanin ya faɗi. Ƙa'ida ce mai kyau. Ni na rubuta ta, shekara huɗu da suka wuce, don in rufe bakin wani mai surutu. Mai Tsintsiya ya karanto ta a taron da murya mai daɗi, har da ranar da na rubuta.

Sai ya yi abin da ban shirya masa ba. Ya buɗe tarihin layin a babban allo. Kin gane, duk gyaran da mutum ya shigar sai ya rubuta dalilinsa, ya zauna har abada. Ga sunana, ga kwanan wata, ga dalilin da na bayar: "ƙaramin gyara". Kalma biyu. Ni da nake mayar wa mutane aikinsu in bayaninsu bai cika ba. Ya juyo yana tambaya cikin ladabi ko zan tuna abin da aka gyara. Na ce tsofaffin na'urorin kunne ne, kuma a lokacin mutum fiye da ɗari uku sun kawo kuka a kansu. Ya ce a nuna masa koken. Nan Malam Na'am ya fara duba farcensa, don shi ya kwashe mu daga tsohon rumbun koke zuwa sabo bara waccan, ya bar na da can a baya wai sun tsufa, aka rufe rumbun.

Kin ce a wasiƙarki in faɗa musu kawai cewa na'urar mahaifina ce. Ke kina aiki da mutanen da in an ce uba sai jikinsu ya yi sanyi. Bari in gaya miki dalilin kalma biyun nan, ban taɓa gaya wa kowa ba. Lokacin ni kaɗai ce mace a zauren, wata uku da ba ni makulli, kuma akwai masu jiran ranar da zan shigo da abin gida cikin aiki su ce ai dama. Na ga gara a ce ban iya bayani ba da a ce na lanƙwasa ƙa'ida saboda babana. Na ɗauka wayo na yi. Ga wayon ya girma ya dawo.

Kin kuma ce a hana wayar sabuntawa. Masu ƙera ta ba su bar wannan ƙofa ba, turowa suke yi ko kana so ko ba ka so.

Na nemi irin na'urar ko'ina. Kamfanin da ya yi ta ya rufe tun shekara huɗu. Na bi layin masu gyaran waya shago shago, wani ya kawo min abin sauraren waƙa yana rantsuwa duk ɗaya ne. Na je wurin masu sayar da kayan asibiti, matar ta dubi hoton ta ce ko a kwandon shara ba ta tsammanin akwai. Na rubuta a zaure cewa duk mai ita ya yi magana. Masu ita ba sa karanta zaurenmu, Yaya. Tsofaffi ne a kan kujerun roba a ƙofar gida.

Saura kwana ashirin. Ki gaida kowa.

Taki,
Auta

Lahadi, goma sha biyar ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kun wayi gari lafiya. Wannan gajeruwa ce, kuma ita ki karanta wa Baba, ko ki ba shi ya karanta da kansa in ya ga tabaransa.

Na'ura ɗaya na sani a duniya mai irin wannan jinkiri, tana kunnensa na dama. Ina roƙon ya ara min ita kwana bakwai: biyu a hanya, ɗaya a ɗakin gwaji, biyu a komawa, biyu kuma don abin da ba a rasa ba. Na nemi su bar ni in zo da injin da ke sauraren abin da na'urori ke faɗa wa juna in yi gwajin a gida. Injin bai fi akwatin tafiya ba. Mai kula da kayan kamfanin ya kalle ni kamar na ce a ara min matarsa, ya ce injin ba ya fita daga hawa na tara. Kuma ba zan ɗora Baba a mota yini guda da wannan gwiwar don ya zo ya zama abin nuni ga mutanen da ba su kai ya gaishe su ba.

Na san abin da nake roƙo. Na san yadda yake zama in ba ta. Ki gaya masa gaskiya duka, har da kalma biyun, kada ki gyara min. In ya ce a'a ba zan ƙara tayar da maganar ba.

Ƙanwarki

Asabar, ashirin da ɗaya ga wata

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, ina gaida Baba, duk da na san sai dai ki nuna masa a takarda.

Saƙon ya iso ranar Alhamis. Baba ya sa na'urar cikin gidan tabaransa, ya naɗe da auduga, ya ɗaure da roba har uku. Wato yanzu tabaran ma ba su da gida. Takardar da ya sa a ciki na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Ya ce a riƙa cire batirin in ba a aiki da ita, kada a bari ta jiƙe, kuma mutum in ya yi aiki ya rubuta abin da ya yi, shi shekara talatin yana gyaran injin ruwa bai taɓa ɗaure bututu bai yi alama ba. Ban san wanne ya fi ba, faɗan ko audugar.

Jiya aka yi gwajin. Ki ga kantar nan tasu: na'urori tamanin da shida a jere, kowace da lambarta, baƙaƙe da farare suna ƙyalli, ba wadda ta kai shekara uku. Na ajiye ta Baba a gefe, launin fata da ya koɗe, da ɗan tsagin nan da ya liƙe da gam. Wata yarinya daga sashen talla ta tambaya ko za ta iya ɗaukar hotonta. Na ce ba ta son hoto.

Mai Tsintsiya da kansa ya kunna injin. Ya sa manhajarsa mai tsafta a waya. Waya ta yi sallama. A allo muna ganin komai kamar layin bugun zuciya a asibitinku: ga sallama, ga shiru, ga waya ta juya, sannan can ga amsar Baba ta iso ba kowa a ƙofa. Ya sake. Sau ashirin ya sake, yana canza waya, yana canza batir, har ya matsar da teburin wai ko ƙarfen ne. Sau ashirin ba ta haɗu ba. Aka mayar da layina, ta haɗu a karon farko. Malam Na'am ya ce lallai shi dama jikinsa ya ba shi.

Na ɗauka zan ji daɗi fiye da haka. Na shirya maganganu tun a mota, masu kaifi, na jera su. Sai ya tambaya a ina na samo ta, tunda na ce babu a kasuwa, kuma ga alamar an daɗe ana sawa. Na ce ta mahaifina ce, kuma tun Talata ba ya jin komai saboda ɗakin nan ya ga shaida. Ba wanda ya ce ai dama. Shekara shida ina ɓoye abin da ba wanda ya damu ya yi min dariya a kai. Yarinyar talla ta dafe ƙirji, na ga labari yana tsirowa a idonta.

Kada ki yi murna tukuna. Mai Tsintsiya ya janye gyaransa a take, ba gardama, wannan na ba shi. Sai ya buɗe ƙa'ida ta gaba. Duk abin da manhaja ta ce tana tallafawa, dole a samu samfurinsa a kan kanta, kwamfuta ta riƙa gwada shi kowace safiya. Abin da ba ya kan kanta, ana cire shi a zubi na gaba, don ba mai iya tabbatar da cewa yana aiki. Ya ce in ba haka ba bayan shekara biyu wani mai tsintsiyar zai zo ya sake sharewa, kuma ba lallai ina nan ba. Saboda haka suna roƙon a bar musu na'urar. Har ya buga mata lamba tamanin da bakwai a 'yar farar takarda mai gam.

Kamfanin ya ce zai ba Baba sabuwa, ta zamani, a zo a ɗauki hoto ana miƙa masa. Kin tuna sabuwar da maigidanki ya kawo masa bara, ya sa ta yini biyu ya ce kowa na magana kamar daga cikin tulu, ya mayar da ita kwali? Kunnensa ya saba da muryar wannan. Na ce musu a'a. Na cire takardar na manna a gefen kwamfutar Mai Tsintsiya, a karkace.

Amma gaskiyarsa ce, kuma na tsani hakan. Ina da wata dabara, sai dai tana buƙatar na'urar ta ƙara kwana huɗu a hannuna. Na san na ce bakwai. Ki ba shi haƙuri.

Ƙanwarki,
Auta

Alhamis, ashirin da shida ga wata

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Wasiƙarki ta same ni, na karanta sau biyu, ban ga inda kika yi ƙari ba.

Kin ce Baba ya daina fita majalisa tun ranar da aka yi masa tambaya ya yi dariya, don ya ga wasu na dariya, ashe rasuwa ake faɗa masa. Kin ce yana zama da waya a cinya yana kallon ta in ta yi haske, ya miƙa wa duk wanda ke kusa. Kin ce na ɗauki kunnen ubana na je ina wasan nuna isa da wani yaro, kuma in ba ta iso ranar Litinin ba za ki ajiye aiki ki zo ki karɓa da hannunki. Rabin farko ban musa ba. Ba sai kin zo ba.

Ga abin da nake yi. Na zauna da injin sauraren nan kwana uku, ina sa na'urar Baba ta gaisa da waya sau ɗaruruwa, ina rubuta daidai yadda take yi: jinkirinta in batir ya cika, jinkirinta in ya yi rauni, da wata ɗabi'a da ban taɓa lura ba, in an yi mata sallama sau biyu a jere sai ta yi fushi ta yi shiru gaba ɗaya. Ban ce ta yi kama da kowa ba. Na sayi ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, ina koya masa ya kwaikwaye ta. Mutanen hawa na tara sun shekara suna gasar wa zai fi sauri, ni ina zaune a tsakiyarsu ina ƙera abin da aikinsa kawai ya makara. Suna wucewa a hankali ta bayana kamar masu wuce mara lafiya.

Yarinyar talla ta riga ta rubuta labarinta. Wai kamfaninsu ya gano wata matsala da ke barazana ga tsofaffi masu rauni, ya tashi tsaye. Ta kawo min in duba ko an rubuta sunana daidai. Babu sunana a ciki, na ce mata daidai ne.

Yau da safe ɗan allon ya ruɗi injin: an jera zanensa da na na'urar Baba ba a bambance su ba. Yanzu saura sa hannu biyu kafin a karɓe shi a madadin ta gaske. Cikin masu makullin nan na ƙasashen waje ɗaya ya tafi hutu, ɗayan ba ya amsa saƙo in ba kore ya gani ba. Malam Na'am ya ce lallai zai sa, da zarar wani ya fara sawa. Kin ga wanda ya rage.

Ko ya sa ko bai sa ba, gobe da safe zan kai na'urar Baba tasha in ba direban motar farko, cikin gidan tabaran, da audugarta. Wannan na yanke. In za su cire layin su cire, sai in sake wani yaƙin, amma ba da kunnen Baba ba.

Ki yafe min. Ki ce masa ya yafe min.

Auta

Litinin, talatin ga wata

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya kuma kin huce, ko da rabi ne. Na gode da kiran jiya. Na ji muryar Baba sarai, shi ma ya ji tawa, don minti goma ya yi yana min faɗa a kan roba biyu da na ɗaure gidan tabaran da su alhali uku ya aiko. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Ki ce masa ta ukun tana nan, zan taho da ita.

Mai Tsintsiya ya sa hannu ranar Juma'a, bayan motar ta tashi. Kafin ya sa sai da ya kwana yana neman inda allon zai yi kuskure, ya gwada shi da waya goma sha ɗaya, bai samu ba. Kada ki ɗauka mun zama abokai. Ya dawo min da aikin da ƙorafi guda: bayanin da na rubuta a saman layin ya yi tsawo, ya wuce iyakar da ƙa'ida ta yarda, a rage. Wannan karon na rubuta komai, Yaya. Irin na'urar, shekarar da aka daina yin ta, yawan jinkirinta, lambar allon da ke kwaikwayonta a kan kanta, da cewa mahaifina yana sa irinta kuma da ita yake amsa waya. Ya ba da shawarar a cire jimlar ƙarshe, tunda ba bayanin fasaha ba ce. Na raba bayanin gida biyar, kowane layi daidai iyaka, ban cire ko kalma ba. Ya duba, ya ƙirga, ya sa hannu. Malam Na'am ya biyo baya cikin minti huɗu, ya ƙara da cewa lallai wannan nasara ce ta haɗin kai.

A sanarwarsa ta ƙarshen mako Mai Tsintsiya ya rubuta cewa wannan satin an share layi sifili, an ƙara ɗari biyu da goma. Na ga yadda ya yi kafin ya tura. Kamar mai haɗiye magani ba ruwa.

Na je hawa na tara yau da safe don in ga gwajin farko. Allona yana kan kanta a ƙarshen layi, tsirara, wayoyinsa a waje, lamba tamanin da bakwai a manne, a miƙe sarai don ba ni na manna ba. Ƙarfe takwas kwamfutar ta fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Tamanin da shida suka amsa kafin ƙiftawar ido, kore, kore, kore, kamar yaran da suka haddace darasi. Ta iso kan namu ta tsaya. Ba wanda zai lura in bai sani ba, amma ni na gani, Mai Tsintsiya ma ya gani, don yana tsaye a gefena da kofinsa yana kallon allon kamar mai ciwon haƙori. Sannan kore.

Haka za a yi gobe, da jibi, da ranar da ba na nan. Ki gaya wa Baba cewa kowace safiya kamfanin nan, da gilasansa da kujerunsa da masu tallarsa, sai ya tsaya ya jira shi ya gama miƙa kafin kowa ya fara aiki. Na san zai ce ai haka ya kamata.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yara. Ki tuna wa Baba ya cire batirin in zai kwanta, ko da yake shi ya koya min.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta